Wa Ke Cin Ribar Dariya? Tarken Tallan Barkwanci a Takarar Mac da PC

Gabatarwa

An daɗe manazarta adabi suna barin talla a bakin zaure, bisa hujjar cewa abin da aka shirya domin neman ciniki bai isa a shimfiɗa masa tabarma a yi masa tarke ba. Wannan hujja ba ta da ƙwari. Makaɗan fada ma ai ba kyauta suke kiɗa ba, suna sa ran riga da doki, amma hakan bai hana a feɗe waƙoƙinsu a azuzuwanmu ba. Tallan talabijin mai daƙiƙa 30 ƙaramin wasan kwaikwayo ne sosai: yana da 'yan wasa, yana da jigo, yana da zubi da tsari, yana kuma da 'yan kallo waɗanda ke da bakin yabawa da na kushewa. Abin da ya raba shi da sauran wasanni shi ne, akwai wanda ya zuba kuɗi a bayan fage yana jiran riba.

Maƙasudin wannan rubutu shi ne duba jerin tallace-tallacen barkwanci da kamfanin Apple ya yi a ƙarƙashin taken Get a Mac, tare da martanin da suka jawo daga marubuta da 'yan kallo da kuma kamfanin Microsoft, wanda shi ne abokin takarar. Tambayar da za a bi sawunta ita ce: idan aka tsai da mutum biyu a dandamali, ɗaya yana shan kunya ɗaya yana murmushi, wa ke tafiya da zuciyar ɗan kallo, wa kuma ke tafiya da kuɗinsa? Za mu ga cewa ba lalle ne ya zama mutum ɗaya ba.

Zubi da Tsarin Wasan

A watan Mayu na 2006 aka fara nuna tallan a gidajen talabijin na Amurka, aka ci gaba har zuwa watan Oktoba na 2009. Guda 66 aka nuna. Kamfanin shirya talla na TBWA ne ya tsara su, Phil Morrison kuma ya ba da umarni. Zubinsu ɗaya ne tun daga na farko har na ƙarshe. Dandamali fari fat, ba bango ba kujera, sai mutum biyu a tsaye. Na farko saurayi ne siriri, sanye da wandon jins da 'yar taguwa, hannu a aljihu, ya yi gaisuwa ya ce shi ne Mac. Wannan shi ne ɗan wasa Justin Long. Na biyu ya ɗan manyanta, yana da ɗan jiki, sanye da kwat da lakataye da tabarau irin na tsohon akawu, ya amsa ya ce shi kuma PC ne. Wannan shi ne John Hodgman, marubuci kuma ɗan barkwanci. Mutane da dama sun lura cewa siffar PC ta yi kama da ta Bill Gates, ta Mac kuma ta ɗauko wani abu daga ƙuruciyar Steve Jobs.

Dabarar da aka gina wasan a kanta ita ce wadda manazarta waƙa suke kira mutuntarwa, wato a ɗauki abin da ba mutum ba a ba shi baki da hali irin na ɗan Adam. Duk wani ciwo na na'ura sai a mayar da shi ciwon jiki. Alal misali, a ɗaya daga cikin tallan farko, PC ya fito yana ta atishawa, yana gargaɗin Mac da kada ya matso, domin a bara an ƙidaya ƙwayoyin cutar kwamfuta har 114,000. Mac ya miƙa masa hankici ya ce ai wannan cuta ta PC ce, ba ta Mac ba. Kafin a ankara PC ya yanke jiki ya faɗi. A wani kuma an turo shi a keken guragu, hannu da ƙafa a naɗe, wai wani ne ya yi tuntuɓe da wayar wutarsa ya jawo shi ƙasa daga kan tebur. A wani ya fito cikin rigar majinyata yana jiran tiyata, domin sai an sauya masa kayan ciki kafin ya iya ɗaukar sabuwar manhajar Windows Vista, har yana yi wa Mac wasiyyar kayansa ko da ba zai tashi ba. Wanda ya fi su armashi a ganina shi ne na dogarin nan mai baƙin tabarau da ya tsaya a bayan PC. Duk kalmar da Mac ya faɗa, duk amsar da PC zai bayar, sai dogarin ya katse su ya tambaya: a bari ko a hana? Duk wanda ya yi aiki da Vista bayan fitowarta a watan Janairu na 2007 ya san wannan tambaya, domin haka na'urar take tsai da mutum tana neman izininsa a kan ƙaramin abu da babba.

Abin lura a nan shi ne rabon aiki. PC ne ke atishawa, shi ke faɗuwa, shi ke ƙulla dabarar da za ta warware a hannunsa, shi ke sauya tufafi. Mac kuwa ba ya yin komai sai tsayuwa da tambaya da ɗan jaje. A ma'aunin wasan kwaikwayo, wanda abubuwa ke faruwa da shi shi ne tauraro. Ke nan an shirya talla domin Mac, amma tauraronsa PC ne, Mac ɗan amshi ne kawai. Daga wannan rabo ne duk gardamar da ta biyo baya ta tsiro.

Barkwanci, Habaici ko Zambo?

Kafin a shiga martanin jama'a, ya kamata a tantance irin dariyar da ake yi. A fuska, wasan ya yi kama da barkwancin da muka sani tsakanin taubasai, ko tsakanin Fulani da Barebari: mutum biyu da suka saba da juna suna tsokanar juna ba tare da gaba ba. Mac ba ya zagin PC. Sau da yawa ma yabonsa yake yi, ya ce ai ba wanda ya kai shi iya lissafi da aikin ofis. To amma barkwanci na gaskiya yana da sharaɗi guda wanda ba ya faɗuwa, shi ne kowa yana da bakin ramawa. In ka ce wa taubashinka bawa yau, gobe shi ma zai ce maka. A wannan talla kuwa hannu ɗaya ne ya rubuta bakin Mac ya kuma rubuta bakin PC. Duk abin da PC ya faɗa na kare kansa, abokin gabarsa ne ya sa masa a baki, ya kuma auna shi yadda ba zai ci nasara ba. Saboda haka rigar barkwanci ce kawai aka sa wa abin.

Da farko abin ya fi kusa da habaici. Kalmar PC ba sunan kamfani ba ce. Ta haɗa injinan Dell da HP da Lenovo da sauran masu ƙera kwamfutar da ke aiki da Windows, kuma a wancan lokaci Microsoft manhaja yake sayarwa, ba ya ƙera kwamfutar kansa. Don haka ba wanda zai fito ya ce da shi ake, sai dai wanda ya tsargu, ko da yake kowa ya yi zagi a kasuwa ya san wanda ya zaga. Daga 2007, da Vista ta fito da matsalolinta, sai aka yar da sakayawa aka riƙa kiran suna ƙarara. A nan habaici ya rikiɗa ya zama zambo.

Wani abin kuma da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, filin wasa biyu ne, kuma ƙarfi a cikinsu a juye yake. A kasuwar wancan lokaci, Windows ce giwa, tana kan fiye da kashi 90 cikin 100 na kwamfutocin jama'a, Mac kuwa bai kai kashi 5 cikin 100 na cinikin duniya ba. Ƙarami ne ke yi wa babba ba'a, abin da jama'a kan yafe har su yi tafi. Amma a dandamali ba a ganin kasuwa. Abin da ido ke gani shi ne wani bawan Allah mai ƙoƙari da kullum yake shan ƙasa, da wani saurayi da bai taɓa yin gumi ba. Tausayi kuwa abin da ido ya gani yake bi.

Abin da Masu Kallo Suka Ce

Ba a yi wata biyu da fara tallan ba, Seth Stevenson, mai sharhin tallace-tallace a mujallar Slate, ya rubuta cewa akwai mugunta a cikinsu. Ya ce shi mai amfani da PC ne da ya taɓa tunanin komawa Mac, amma tallan bai ƙara masa sha'awa ba ko kaɗan. Dalilinsa shi ne Hodgman ya fi ban dariya, ya fi shiga rai, saurayin kuwa mai ji da kai ne; in da za a ba mutum zaɓin wanda zai yi hira da shi a cikin su biyun, mai kwat ɗin zai ɗauka. Wannan ra'ayi ya yaɗu ƙwarai, har ya zama shi ne abin da aka fi maimaitawa game da tallan: wai reshe ya juye da mujiya, Apple ya kashe kuɗinsa ya sa an ƙaunaci abokin gabarsa.

A Ingila abin ya fi tsanani, saboda wani dalili da ya shafi tarihin 'yan wasan kansu. Da aka sake shirya tallan domin Ingila a farkon 2007, an ɗauko David Mitchell a matsayin PC da Robert Webb a matsayin Mac. Waɗannan biyu an riga an san su tare a wasan talabijin mai suna Peep Show, wanda tashar Channel 4 ta fara nunawa a 2003. A can, Mitchell yana fitowa ne a matsayin ma'aikacin ofis mai fargaba da kunya wanda duniya ta sa a gaba, Webb kuma malalaci mai son kansa da ke riya cewa shi mawaƙi ne. Ɗan kallo ba ya wanke ƙwaƙwalwarsa kafin ya kalli talla. Charlie Brooker, a wani rubutu da ya yi a jaridar Guardian a watan Fabrairu na 2007 wanda ya tayar da ƙura, ya kafa hujja da wannan: duk wanda ya san wasan zai ga PC ɗin a matsayin wanda ba ya burgewa amma abin so ne, Mac kuwa ɗan ƙarya ne mai homa. Darasin da ɗalibi mai koyon shirya wasa zai ɗauka a nan ba ƙarami ba ne. Ɗan wasa yana hawa dandamali ne ɗauke da duk rawar da ya taɓa takawa, kuma marubuci ba shi da ikon sauke masa wannan kaya.

A Japan kuwa da kiɗa ya sauya sai rawa ta sauya. A can ana ɗaukar yabon kai da ƙasƙantar da abokin takara a bainar jama'a rashin ɗa'a ne. Don haka da aka ba 'yan barkwancin nan biyu da ake kira Rahmens aikin, an rage kaifin abin, aka karkata shi ga bambancin na'urar aiki da na'urar gida. Wannan ya nuna cewa masu tallan sun san sarai akwai dafi a cikin abin da suke yi, tun da sun san inda ya kamata a rage shi.

Martanin da ya fi nauyi shi ne na Bill Gates. A hirar da ya yi da mujallar Newsweek a farkon 2007, lokacin fitowar Vista, ya ce bai yi zaton mutanen da ke amfani da Windows, waɗanda suka haura kashi 90 cikin 100, suna kallon kansu a matsayin dolaye kamar yadda ake son nuna su ba. Game da tallan tiyata kuma ya tambaya ko gaskiya tana da wani muhimmanci a irin wannan harka, ko kuwa burgewa ta ba mutum lasin yin ƙarya. An yi masa dariya a lokacin, aka ce attajiri ya kasa jure wasa. Amma kashin farko na maganarsa tarke ne mai kyau. Ya gano inda mutuntarwa take da haɗari. Marubucin tallan yana cewa mutumin nan mai kwat na'ura ce. Ɗan kallo kuwa mutum yake gani, mai irin tufafinsa da irin aikinsa. An tashi mayar da na'ura mutum, sai aka wayi gari an mayar da mai na'urar abin dariya. Akawun da ya dawo daga ofis ya kunna talabijin ba ya cewa ga kwamfutata can ana yi mata ba'a. Cewa yake yi ga ni can.

Apple ya taɓa faɗawa wannan rami. Bayan shahararren tallansa na 1984 wanda Ridley Scott ya ba da umarni, a watan Janairu na 1985 ya fito da wani mai suna Lemmings, inda aka nuna jerin ma'aikatan ofis sanye da kwat, an ɗaure musu idanu, suna bin juna suna faɗawa daga kan dutse ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda aka nuna a haka su ne waɗanda ake roƙo su sayi kayan, kuma ba su ji daɗi ba. Tallan ya zama abin misali na yadda ba a zagin mai saye.

Shin Masu Sukar Sun Yi Daidai?

Sun yi daidai a abin da suka gani, amma a ganina sun yi kuskure a hukuncin da suka yanke. Gaskiya ne an fi son PC. Sai dai wannan ba tuntuɓe ba ne, gini ne. A ƙarshen watan Mayu na 2007, lokacin da aka zaunar da Jobs da Gates a dandamali ɗaya a wani taro a Kalifoniya, an ta da maganar tallan. Jobs ya ce hikimar abin ita ce kada a yi mugunta, a nuna mutanen biyu suna son juna, ya yaba wa PC da kyan zuciya, ya kuma ce shi ne ke riƙe da wasan baki ɗaya. Gates ya jefa tasa, ya ce ai mahaifiyarsa tana son sa. Wato abin da masu suka suka ɗauka sun bankaɗo, mai kayan ya riga ya faɗe shi da bakinsa.

Bambancin Lemmings da wannan shi ne, a can an nuna mai saye a matsayin garke marar fuska, a nan kuwa an ba shi fuska da suna da zuciya. Da an yi PC mugu ko abin ƙyama, da kashi 90 ɗin nan sun juya baya tun daga tallan farko. Da yake an yi shi abin so, sai suka zauna suka kalla har 66, suna dariya, kuma a kowace dariya ana cusa musu aibi guda na na'urar da ke kan teburinsu. Masu sukar sun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne: son mutum da son zama kamarsa. Yaro yana jin daɗin Kura a tatsuniya fiye da kowa, domin ita ce ake yi wa wayo ta sha duka, amma ba yaron da ke tashi daga wurin tatsuniya yana fatan ya zama Kura. Stevenson zai so ya yi hira da Hodgman, wannan ba gardama. Tambayar da tallan yake yi ba ta abokin hira ba ce, ta wanda za ka damƙa wa aikinka ce, kuma ba mai damƙa aikinsa ga wanda ke yanke jiki ya faɗi kowane mako.

Akwai wata shaida da ta ƙara fito da wannan. Daga baya waɗanda suka yi aikin sun bayyana cewa an ɗauki tallan fiye da 300, aka zaɓi 66. Long ya ce ya lura waɗanda suka fi ban dariya su ne ba a nunawa, domin Jobs yana gudun kada dariya ta yi yawa ta shafe saƙon. Ashe dai dariyar a kan ma'auni take: a ba PC isasshiya yadda za a so shi, a hana shi wadda za ta sa a manta da abin da ake sayarwa.

Alƙaluman ciniki sun goyi bayan Apple, ko da yake ya kamata a yi hattara da su. A shekarar kuɗi ta 2005 kamfanin ya sayar da Mac kimanin miliyan 4.5, a ta 2009 ya haura miliyan 10. An ba tallan babbar lambar yabo ta Effie a 2007, mujallar Adweek kuma ta zaɓe shi a matsayin wanda ya fi kowane jerin talla a shekaru goman farko na wannan ƙarni. Amma a cikin waɗannan shekaru ne Mac ya koma amfani da ƙwaƙwalwa ƙirar Intel, abin da ya ba shi damar ɗaukar Windows ma. A cikinsu ne iPod da iPhone suka jawo wa kamfanin sababbin masoya. A cikinsu ne kuma Vista ta ɓata wa masu ita suna. Ba mai iya ware rabon dariya daga rabon waɗannan. Abin da za a iya cewa kawai shi ne, hasashen cewa tallan zai kori masu saye bai tabbata ba.

Ramuwar Microsoft

Fiye da shekara biyu Microsoft ya yi yana shan zambo bai mayar ba. Da ya tashi ramawa a watan Satumba na 2008, da shirin talla na kimanin dala miliyan 300 a hannun kamfanin Crispin Porter + Bogusky, sai ya fara da barkwanci shi ma. Aka haɗa Gates da shahararren ɗan barkwanci Jerry Seinfeld, a talla na farko suna gwada takalmi a kanti, a na biyu sun tare a gidan wasu talakawa wai suna koyon zama da mutane. Ba a ambaci Apple ba, kwamfuta ma da ƙyar aka ambace ta. Jama'a suka yi ta tambayar abin da ake nufi, kuma bayan guda biyu ba a sake nuna wani ba. Laifinsu a wurina ba rashin ban dariya ba ne, domin akwai wuraren da suka yi armashi. Laifinsu shi ne dariyar ba ta da inda ta dosa. Attajirai biyu ne suke wasa da talauci, ba wanda ya faɗi, ba wanda ya yi hasarar komai.

Abin da ya biyo baya ya fi hikima. Aka fito da wani ma'aikacin Microsoft, Sean Siler, sanye da irin tufafin Hodgman a farin dandamali, ya ce shi PC ne kuma an mayar da shi abin kwatance. Daga nan sai fuskoki iri-iri suka riƙa wucewa, malamai da masana kimiyya da mawaƙa da Gates kansa, kowa yana cewa shi PC ne. Wannan ita ce tsohuwar dabarar wanda aka laƙaba wa sunan tsokana: maimakon ya yi fushi sai ya karɓe shi ya mayar da shi kirari. Ta warware mutuntarwar daga tushe, domin ta ce PC ba mutum ɗaya ba ne da za a sa wa kwat. Sai dai an ɗan yi abin kunya, da aka gano cewa wasu hotunan tallan da kamfanin ya raba wa 'yan jarida a kan Mac aka sarrafa su. Apple kuma bai ɓata lokaci ba. Ya fito da PC zaune yana kasa kuɗi kashi biyu, tuli guda na talla, 'yan tsiraru na gyaran Vista. Da Mac ya tambaye shi ko wannan ɗan abin zai isa gyaran, sai ya ce gaskiya ne, ya kwashe shi ya ƙara a kan na talla. A nan an ga fa'idar wanda ya riga ya kafa 'yan wasansa: duk abin da abokin gaba ya yi, sabon labari ne ya ba shi kyauta.

Bugun da ya shiga jikin Apple ba na barkwanci ba ne. A watan Maris na 2009, ana tsakiyar matsin tattalin arziki, Microsoft ya fara nuna masu saye da aka ba kuɗi aka ce su nemo kwamfutar tafi-da-gidanka da ta dace da su. Ta farko, wata budurwa mai neman babban allo a ƙasa da dala 1,000, ta shiga kantin Apple ta fito hannu rabbana tana cewa da alama ba ta kai wayewar masu Mac ba, ta je ta sayi HP a kan kimanin dala 700. Da jimla ɗaya aka juya wayewar da Mac yake taƙama da ita ta zama tsada da girman kai. A watan Yuli na shekarar, Kevin Turner, ɗaya daga cikin shugabannin Microsoft, ya faɗa a bainar jama'a cewa lauyoyin Apple sun bugo waya suna neman a dakatar da tallan saboda sun rage farashi. Wanda ya shekara uku yana tsokana, shi ne ya fara kai ƙara.

Batun Gaskiya

Saura kashi na biyu na maganar Gates, wato gaskiya. Zambo ba ya rayuwa sai da ƙari, kuma ba mai hankalin da zai tuhumi ɗan barkwanci don ya kambama abu. Amma akwai bambanci tsakanin kambama abin da yake akwai da dasa abin da zai cuci mai saurare. Tallan dogari ƙari ne a kan gaskiya, shaida kuwa ita ce Microsoft da kansa ya rage yawan tambayoyin nan a Windows 7 da ta fito a watan Oktoba na 2009. Tallan atishawa kuwa ya bar mutane da yawa da imanin cewa Mac ba ya kamuwa da komai, alhali wani ɓangare na lafiyarsa ya samu ne daga ƙarancin masu amfani da shi, wanda ya sa masu ƙirƙirar cutar ba su damu da shi ba. Laifi tudu ne. A watan Afrilu na 2012 wata muguwar manhaja mai suna Flashback ta kama Mac kimanin 600,000, kuma ba a jima ba Apple ya cire iƙirarin rashin kamuwa da cutar PC daga bayanan kayansa. A nan dariya ta yi aikin da hujja ba za ta iya ba, domin wanda yake dariya ba ya tsayawa ya nemi shaida. Wannan ne zargin da ya fi cancanta a yi wa tallan, kuma shi ne wanda masu sharhin lokacin suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, suna can suna gardamar wanda ya fi kyan hali tsakanin mai kwat da mai taguwa.

Shekaru goma sha ɗaya bayan rufe wasan, 'yan wasan sun sake fitowa, amma kowa shi kaɗai. A watan Nuwamba na 2020, ranar da Apple ya gabatar da ƙwaƙwalwar M1 da ya ƙera da kansa domin ya rabu da Intel, Hodgman ne aka kira ya rufe taron. Ya fito da kwat ɗinsa yana cika bakin cewa shi ma yana da sauri, ya ɗan yi gudu, ya dawo yana haki, ya ce batirinsa ya ƙare sai ya nemi wurin sa wuta. Ba a bukaci Mac ya tsaya kusa da shi ba. A watan Maris na 2021 kuma Intel ya ɗauki Long, ya tsai da shi a farin dandamali irin na da, ya fara gaisuwar da aka san shi da ita sannan ya katse ta ya faɗi sunansa na gaskiya, ya shiga gwada injinan biyu yana fifita PC. An yi maganar tallan na 'yan kwanaki saboda sauya sheƙar, amma ba abin dariya a cikinsu, domin Intel ɗan amshi ya ɗauko, ya bar mai waƙar a gidan Apple.